Kombin Baba a Hawan Kibo

Shekara goma sha tara tana kwance
ƙarƙashin bishiyar fiya a Bukuru,
tayoyi sun sace, ƙasa ta ci rabinsu,
kaji na ƙwai a kujerar direba.
Hannun wani Baturen kuza Baba ya saye ta
ranar da yake ɗaure kaya zai koma gida.
Da gado a cikinta, da risho, da ɗan kabad,
da labule mai furanni da rana ta koɗar.
Ɗaki ne aka yi wa ƙafafu.

Sau ɗaya na ga kunya ta kama Baba.
A Hawan Kibo ne, muna dawowa daga Akwanga,
ta yi tari, ta sake tari, ta mutu.
Inna ta sauko da goyo, ta sa dutse a taya,
manyan motoci na wuce mu da oda.
Bai ce uffan ba har gida.
Makullin ya rataye a ƙusa, a nan ya bar mana shi.

Bara na ja ta zuwa Farin Gada.
Dalyop mai walda ya zagaya ta sau biyu,
ya danna yatsa a ƙofa, yatsan ya wuce.
Ya ce, "Sallau, tsatsa ce ke riƙe da tsatsa.
In ka kankare, me zai rage?"
Na ce abin da ya rage ɗin nake so.

Injin a Dilimi na same shi,
wajen Uchenna, lulluɓe da buhu.
Na wata jar motar tsere ne, mai kujera biyu,
da ɗan wani ya naɗe a jikin gada a Abuja.
Shi ya fito da ƙafarsa, ita sai da aka kwashe ta.
Silinda shida, uku nan, uku can.
Filina na Rikkos ya tafi a kansa.
Matata ta ƙirga, ta sake ƙirgawa,
ta tashi ta ba ni wuri.

Wata bakwai.
Da asuba sifana kan cije yatsu don sanyi.
Giya ta ƙi zama, muka yanka, muka ƙara.
Noti ɗaya ya ci mana kwana uku.
Birki na sa mata sabo, gaba da baya,
don wanda ya koya wa tsohuwa gudu
shi zai koya mata tsayawa.
Labulen dai ban taɓa ba.

Ranar da ta tashi
tantabaru suka watse daga kan kwano,
Dalyop ya cire hula yana dariya:
muryar zaki a bakin tunkiya.

Na ɗauko Inna, yanzu da sanda take tafiya.
Muka gangara har gindin Kibo, na juya,
na taka totur.
Kabad ya buɗe, kofuna suka zubo,
tirelar farko ta koma baya kamar an dasa ta,
hawan da ya kunyata Baba
ya shimfiɗe mana kamar tabarma.

Inna ta dafa kafaɗata.
"Wa ya biyo ka?
Sassauta. Wancan karon kaina yana ƙasa ina neman dutse,
ban ga komai ba."

Na ɗage ƙafa.
Kuɗin fili guda na gurnani a bayanmu,
muna tafiyar arba'in.
Ta ga gonakin acca, ta ga shingen ƙerana,
ta ga gajimare zaune a kan dutse,
ta taya tumatir ta taga ba ta saya ba.

A saman hawan na tsaya, na kunna risho.
Inji na ƙas-ƙas yana hucewa, shayi na tafasa.
Ta sauko a hankali, ta sunkuya,
ta ɗauki dutse ta sa a taya.
Na ce, "Inna, birkin yana ci."
Ta ce, "Na sani.
Miƙo min kofin da bai fashe ba."